Tirelar soja ta gwanjo: Shirin da ya kamata a yi kafin a jawo ta zuwa Nima ko Maamobi

A unguwannin Zango na birnin Accra, ƙaramar tirela mai taya biyu da ake ɗaura wa mota a baya tana iya zama jari. Da ita ake ɗauko buhunan albasa daga kasuwar Adjen Kotoku, inda aka mayar da 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021. Da ita ake kwaso ragunan layya daga Tulaku da ke kusa da Ashaiman, ko jarkokin ruwa ranar da famfo ya ɗauke, ko kujeru da rumfunan biki. Ba babbar tirela mai kai da bodi ake nufi ba, ana nufin irin wadda masu jin Faransanci ke kira remorque. A cikin irinta kuwa, wadda sojoji suka gama da ita aka yi gwanjonta ta fi shiga ran masu saye, saboda kaurin ƙarfenta da sauƙin kuɗinta.

Kayan soja ba baƙo ba ne a waɗannan unguwanni. Nima ta bunƙasa ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, lokacin da masu neman aiki a sansanonin soja da tsofaffin sojojin da aka sallama suka zauna a wurin. Barikin Burma Camp da asibitin soja na 37 duk suna kusa. Amma sanin ƙarfin kayan soja daban, iya jan tirelarsu da motar farar hula daban. An ƙera tirelar ne don motar soja: maɗaurinta, wutarta, birkinta da tsayinta duk an auna su da waccan motar. Ga shi kuma sau da yawa ta shekara da shekaru a ajiye. Shi ya sa tafiyar farko, daga inda aka saye ta zuwa gida, ta fi kowace haɗari, kuma yawancin aikin tsare kai ana yin sa ne kafin ranar.

Daga ina take, kuma ina takardunta?

Hanya biyu ce irin wannan tirela ke bi ta shigo hannun farar hula a Ghana. Ta farko ita ce gwanjon kayan gwamnati da suka daina aiki. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2003, wato Act 663, ta tanadi cewa sai kwamitin duba kaya ya tabbatar an gama da abu kafin a rabu da shi, kuma gwanjo a bainar jama'a na cikin hanyoyin da ta amince da su. Ta biyu ita ce shigo da ita daga waje ta tashar jiragen ruwa ta Tema. A Amurka kamfanin GovPlanet na sayar da rarar kayan soja ta intanet, a Jamus akwai VEBEG, a Birtaniya akwai Witham. 'Yan uwa mazauna Turai da Amurka kan saya su turo gida, sai dai wasu kayan sojan Amurka ba a fitar da su daga ƙasar sai da izini, don haka wannan ce tambayar farko kafin a biya ko kwabo.

Ko ta wace hanya ta zo, mai saye ya riƙe rasit ɗin gwanjo ko takardar ciniki, takardar da ta ba da izinin fitar da ita daga inda take ajiye, da takardun kwastan idan daga waje take. A jikin kowace tirelar soja akwai ɗan faranti na ƙarfe mai ɗauke da lambarta, nauyinta ba kaya, da iyakar nauyin da za ta ɗauka. A gwada lambar da ke farantin da wadda ke takarda. Idan sun saɓa, ko an kankare farantin, ko mai sayarwa ya ce takarda za ta biyo baya, a haƙura da cinikin. Wanda aka kama da kayan sojan da ba shi da hujjar mallakarsa, ba maganar tara kawai zai fuskanta ba.

Sai a je ofishin DVLA, hukumar da ke rajistar motoci da ba da lasisi, a ji abin da ake buƙata kafin tirelar ta hau titi da kuma ko ajin lasisin direban ya isa jan wannan nauyi. A kuma tambayi kamfanin inshorar motar ko yarjejeniyarsu ta haɗa da abin da ake ja a baya, a karɓi amsar a rubuce. Dokar hanya ta 2004 da ƙa'idojinta su ne 'yan sandan MTTD ke aiki da su a kan titi.

Akwai kuma batun fenti. Tun 1967 Ghana ke da dokar da ta taƙaita wa farar hula amfani da kaki da kayan soja. A goge lambobi da tambarin rundunar da ke jikin tirelar, kuma a yi niyyar sauya mata launi da wuri. Wanda zai riƙa ƙetare iyaka da ita ta Aflao ko Paga ya fi kowa buƙatar wannan, domin a halin tsaron da yankin Sahel ke ciki, abu mai launin soja a hannun ɗan kasuwa yana jawo tambayoyi a kowane shinge.

Wace iri ce, kuma motar za ta iya?

Sunan da ke farantin yana faɗin abubuwa da yawa. M416 ita ce ƙarama, ta tsohuwar jif ɗin sojan Amurka, nauyinta ba kaya kusan kilo 260. M101 tana ɗaukar kashi uku cikin huɗu na tan, ita kanta kuma tana kai kusan kilo 600. M1101 da M1102 an yi su ne don motar Humvee, sun ɗan fi M101 nauyi, faɗinsu kuma ya haura mita 2. M105 ta babbar motar soja ce, ko ba kaya ta wuce kilo 1,200. Daga Birtaniya akwai Sankey, wadda aka ƙera don Land Rover. Akwai kuma M149, tankin ruwa mai cin galan 400 na Amurka, kusan lita 1,500.

Kowace mota na da iyakar nauyin da kamfaninta ya yarda ta ja, kuma adadin biyu ne: na tirela mai birki da na marar birki. Ga motoci da yawa, har da a-kori-kura irin su Hilux, iyakar tirela marar birki ba ta wuce kilo 750. Lissafin a bayyane yake: tirela mai kilo 600 da birkinta ba ya aiki, buhu uku na kilo 50 kawai za a ɗora mata ta kai iyaka. Ƙarfin injin ba shi ne abin dubawa ba. Kusan kowace mota za ta iya tayar da tirela daga tsaye. Abin tambaya shi ne ko za ta iya tsayar da ita idan trotro ya taka birki ba zato a gabanta.

Zobe da ƙugiya

A bakin tirelar soja akwai zoben ƙarfe mai kauri, wanda a ma'aunin ƙasashen NATO faɗin cikinsa milimita 76 ne. Yana shiga ne cikin ƙugiya mai baki biyu da ke rufewa a kulle ta da fil. Motocin farar hula kuwa, idan ma suna da maɗauri, galibi dunƙulen ƙarfe ne mai milimita 50. Zoben zai zauna a kan dunƙulen, har ya yi kamar ya kama, amma ramin farko da aka faɗa zai yi tsalle ya fita. Ɗaure shi da igiya, waya ko tsohon bel ba ya maganin wannan.

Abin da ake buƙata shi ne ƙugiya irin ta zoben, mai rubutaccen nauyin da take iya ɗauka, a ɗaure ta da kusoshi masu ƙarfi a maɗaurin da ke riƙe da shasin mota. Bamba ba wurin ja ba ce. A Abossey Okai da Kokompe akan nemi irin waɗannan kayan, amma a duba wadda aka samu da kyau: kada ta kasance da tsagewa, kuma makullinta ya rufe ruf. Ƙugiyar da mai walda ya lanƙwasa daga rodi ba a san iyakarta ba sai ranar da ta karye.

Tsayi ma abin aunawa ne tun kafin ranar. A daidaita tirelar a wuri mai shafe, a auna daga ƙasa zuwa zoben, a gwada da tsayin maɗaurin mota. Tirelolin soja dogaye ne, don haka sau da yawa zoben ya fi maɗaurin a-kori-kura tsayi, sai an sa faranti mai ramuka da ke ba da damar ɗaga ƙugiyar. Ana so tirelar ta tafi a miƙe, ko bakinta ya ɗan sunkuya kaɗan. Idan bakin ya ɗaga sama, nauyi ya koma baya, sai ta fara lilo.

Bayan ƙugiya sai sarƙoƙi biyu na tsaro. Ana gicciya su a ƙarƙashin bakin tirelar, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama, a maƙala su a shasin mota. Idan ƙugiya ta saki, bakin zai faɗa kan sarƙoƙin maimakon ya caki kwalta. A bar musu sassaucin da zai isa shan kwana, amma kada su ja ƙasa.

Wuta: 24 da 12

Motocin soja na aiki da wuta mai ƙarfin bolt 24, ƙananan motocin farar hula kuma 12. Kwan fitilar da aka yi don 24, idan aka ba shi 12, haskensa ba ya wuce na garwashi, da rana ma ba a ganin sa. Soket ɗin ma ba ɗaya ba ne: na soja yana da fil 12, na farar hula 7 ko 13. Mai wayarin mota zai iya sauya ƙwayayen fitilun da soket ɗin, amma wannan aiki ne na bayan an iso gida. Domin tafiyar farko, hanya mafi sauƙi ita ce a tafi da fitilun wucin gadi na bolt 12, masu maganaɗisu ko waɗanda aka kafa a jikin katako, a ɗaure su a bayan tirelar, a jawo wayarsu zuwa mota. A gwada su a gida tun jajibiri: fitilar birki, sigina ta dama da ta hagu, da fitilar dare. A liƙa tef mai ƙyalli a baya da gefuna. Tirela mai launin ganye da ba ta da wuta, ɗan okada ba ya ganin ta sai ya zo dab da ita.

Birki

Birkin tirelolin soja iri uku ne. Tsofaffin ƙanana, irin M416 da M101 na farko, birkin hannu kawai gare su, na ajiyewa. Na biyu shi ne wanda ke kama kansa idan mota ta rage gudu tirelar ta turo ta daga baya. Shi ke kan M101A2, M101A3, M1101 da Sankey. Na uku yana buƙatar iska daga motar da ke ja, kamar na M105. A-kori-kura ba ta da wannan iskar, ke nan M105 a bayanta tan ɗaya da ɗoriya ce da babu abin tsayar da ita sai birkin motar. Irin wannan ba a jan ta da ƙaramar mota, ɗaukar ta ake yi.

A duba man birki. Sojojin Amurka na amfani da mai na silikon, DOT 5, mai launin shunayya, wanda ba a gauraya shi da DOT 3 ko DOT 4 da ake sayarwa a shagunan kayan mota. A tabbata an saki birkin hannu gaba ɗaya. A wasu tirelolin hannu biyu ne, kowace taya da nata. Tirelar da ta daɗe a iskar gishiri ta Tema, birkinta kan manne da tsatsa. Idan akwai siririyar waya ko sarƙar da ke kama birki in tirela ta tsinke, a maƙala ta a jikin mota, ba a jikin ƙugiya ba.

Taya da boris

Tayar soja kan yaudari ido. Zanenta na nan kamar sabuwa domin ba ta yi tafiya ba, amma roba tana tsufa ko a ajiye. A gefen taya, lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2312 na nufin mako na 23 na 2012. Tayar da ta haura shekara goma, ko wadda gefenta ya tsattsage, ba ta cancanci babban titi ba. A kuma sani cewa safayar mota ba za ta shiga tirelar ba, domin ramukan wili ba ɗaya ba ne. M1101 tana amfani da wili mai inci 16.5, wanda samun tayarsa ke da wuya, don haka a nemi safaya tun wurin ciniki.

Wilin soja da yawa gida biyu ne da aka haɗa, wasu da zobe, wasu da jerin notina. Kwance waɗannan notinan alhali akwai iska a taya na iya sa wilin ya fashe ya hallaka wanda ke kusa. A gaya wa mai faci wannan tun kafin ya ɗora sifana: sai an sace iskar duka.

Boris shi ne abin da ya fi lalata tafiyar farko. A ɗaga kowace taya da jak, a juya ta da hannu. Idan tana gurnani ko tana kakkamawa, akwai matsala. A riƙe ta sama da ƙasa a girgiza. Idan tana kaɗawa, sai an ɗaure ko an sauya. Giris ɗin da ya shekara goma ya bushe ko ya sha ruwa, don haka ya fi kyau fita ya buɗe, ya wanke, ya cusa sabo a nan inda tirelar take. A duba sifirin, kusoshin da suka riƙe aksil, da inda bakin tirelar ya haɗu da shasi, a ƙwanƙwasa da guduma a ji ko tsatsa ta cinye.

Kayan da za a tafi da su sun haɗa da jak mai tsayi, domin na ƙaramar mota ba ya kaiwa, sifanar da ta dace da notinan, famfon iska da ma'auninsa, giris, waigi biyu, igiyoyin ɗauri, alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da tukunyar kashe wuta. Kuma a tafi mutum biyu aƙalla.

Ranar ɗauko ta

A kawo ta gida ba kaya. Idan dole sai an ɗora wani abu, mafi nauyinsa ya kasance gaban aksil, ta yadda kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin duka zai danna ƙugiya. Tankin ruwa a juye shi tas: lita 1,500 tan ɗaya da rabi ne, kuma tankin da ke rabi ya fi cikakke haɗari saboda ruwan na kai-komo. A ɗaure murfin baya, a naɗe ƙafar da tirelar ke tsayawa a kai a kulle ta. Babu wanda zai hau cikinta, ko yaron mota.

Daga Tema zuwa Nima kusan kilomita 30 ne: babban titin Motorway zuwa gadar Tetteh Quarshie, a bi ta gefen filin jirgin sama zuwa 37, sannan Kawukudi. A zaɓi hantsi, bayan cunkoson safe ya lafa. A kauce wa dare, ranar ruwan sama musamman a watan Yuni, ranar Laraba da kasuwar Nima ke ci, da lokacin sallar Juma'a da jama'a ke cika hanyoyin Babban Masallacin Ƙasa na Kanda.

A fara da gwaji a cikin filin da aka ɗauko ta: a ja kaɗan, a taka birki, a sha kwana. Bayan 'yan kilomitoci a tsaya a wuri mai aminci, a kai bayan hannu kusa da tsakiyar kowace taya. Ɗumi ba laifi. Zafin da hannu ba ya iya jurewa na nufin boris na ƙonewa ko birki ya kama. A sake ɗaure notina, a duba ƙugiya, sarƙoƙi da fitilu. A tafi a hannun dama, ƙasa da iyakar gudu, a ninka tazarar da aka saba bari. Ƙarar zobe a cikin ƙugiya lokacin tashi da tsayawa ba abin tsoro ba ce, haka tsarin yake.

Idan tirela ta fara lilo, direba ya ɗage ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe, ya bar gudun ya sauka da kansa. Taka birki da ƙarfi ko ƙoƙarin gyara ta da sitiyari yana ƙara mata lilon. Idan ta lafa, a tsaya a nemo dalili.

Cikin unguwa

Mita ɗari biyar na ƙarshe kan fi sauran wahala. Lungunan Nima da Maamobi matsattsu ne, da buɗaɗɗun kwatoci a gefe, da tebura, da yara. Tirelar da ta fi motar faɗi, tayarta za ta faɗa kwata a inda motar ta wuce lafiya, kuma a kwana tana yanke hanya ta ciki. A je a auna ƙofa da lungu tun kafin ranar, a san inda za ta kwana. Mutum ɗaya ya sauka ya yi jagora, ya kori yaran da za su so ɗarewa. Tirela mai birkin turowa takan kulle idan ana ribas da ita a hawa, kuma gajeriyar tirela saurin karyewa gefe take yi.

Wurare da yawa a unguwannin gangare ne zuwa babbar kwata. Kafin a cire ƙugiya a sa waigi gaba da bayan taya, a ja birkin hannu, a sauke ƙafar tsayuwa. Kilo 600 da ya fara gangarawa, mutum uku ba za su riƙe shi ba.

Bayan an iso, saura gyaran dindindin: wayarin, birki, rajista da fenti. Fentin sojan Amurka mai suna CARC, ƙurarsa da hayaƙinsa na cutar da huhu, don haka mai gogewa ko walda ya rufe hanci da abin kariya na ƙwarai, ya yi aikin a fili. Tankin ruwa kuma sai an tabbatar ba a taɓa zuba masa mai ko wani sinadari ba, an wanke shi, kafin a sayar wa jama'a ruwa daga cikinsa.

Idan kuma ranar ɗauko ta aka tarar ƙugiya ba ta dace ba, ko taya ta tsage, ko boris na gurnani, ko birki ya ƙi, to a ɗauki hayar mota mai shimfiɗaɗɗen baya a ɗora ta a kai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuɗin hayar a sa shi cikin lissafi tun kafin a ɗaga hannu a wurin gwanjo, tare da kuɗin taya, ƙugiya da aikin fita, domin jimillarsu ita ce ainihin farashin tirelar.